Jarrabawar Da Babana Ya Yi Mini

Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin shafuffukan Hausa na mujallarmu, in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wata jarrabawa da aka yi mini, wadda ba a kwalejin nan aka shirya ta ba, ba kuwa a kan takarda ake amsa ta ba. Babana ne ya yi mini ita, kuma in gaya muku gaskiya, a karo na fari faɗuwa na yi warwas.

Babana tela ne. Ya yi shekara 26 a Jos yana taka keke, a can aka haife mu duka mu huɗu. Ni ne babba, kuma akwai rata mai yawa tsakanina da sauran. Sa'ad da wannan abu ya faru ƙanwata tana da shekara 12, tana aji biyar na firamare, mai bi mata namiji ne mai shekara 9, sa'an nan Auta mai shekara 6. Kowa ya san abin da ya auku ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kome ya bi ta ya tashi. Wanda bai ƙoshi ba kuwa ba ya tunanin ɗinka sabuwar riga. Aiki ya ja baya, mai gidan da muke haya ya ninka kuɗinsa, ga kuɗin makarantar yara uku kowane zango. Baba ya daure har Kirsimati ya wuce, da ya ga ɗinkin Kirsimatin ma bai fid da shi ba, sai ya ce shi kam zai koma gida ya kama fartanya.

Mu Ngas ne, waɗanda Hausawa ke ce wa Angasawa, gidanmu yana cikin duwatsun ƙasar Pankshin. Akwai gonar kakanmu a can, rabon Baba yana kwance tun da ya bar gida. Wata Lahadi da dare na zo hutun ƙarshen mako, sai ya kira ni gaban Mama, ya ce, "Malam," don haka yake kirana tun ran da na shiga kwaleji, rabi wasa rabi gaske. "Malam, gona dai na san inda take, ba na bukatar mai nuna mini. Abin da ban sani ba shi ne inda ƙannenka za su yi karatu. Wuri uku ne za mu iya sauka. Ko gidan kakanku, ko ƙauyen Gwaggonku, ko kuwa garin nan na bakin titi inda muke sauka daga mota. Kai aka kashe wa kuɗi ka koyi aikin malanta. Je ka ka dubo makarantunsu, inda ka ce nan za mu kai kaya."

Jama'a, na ji daɗin maganar nan, har kaina ya yi girma. Yaron da bai gama shekararsa ta fari a kwaleji ba, ga shi an ɗora masa ƙaurar gida guda.

Kafin in ci gaba bari in ɗan ratse. Malaminmu na kwatanta tsarin ilimin ƙasashe ya taɓa gaya mana yadda abin yake a Amurka. A can an yanka ƙasa gunduma-gunduma ta makarantu, inda gidanka yake shi ke nuna makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga, kuma kaso mai yawa na kuɗin gudanar da makarantar daga harajin gidajen gundumar yake fitowa. Saboda haka mutum yakan zauna ya bincika labarin makarantu kafin ya sayi gida. Mu a nan ba mu da irin wannan layi da aka ja a taswira. Makarantun firamare na gwamnati suna hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tana bisa kanta, kuma da wuya a kori yaro don wai ba a unguwar yake ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas ne, watau 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Amma a ƙauye gundumar makarantar yaro ita ce iyakar inda ƙafarsa za ta kai shi da safe, ta komo da shi kafin yunwa ta kā da shi. Wannan duk na san shi a baki, na ma rubuta shi a jarrabawa na ci maki. Sanin baki dabam, sanin ƙafa dabam.

Na tashi cikin hutun Ista na 2024. Na shiga mota a Jos, muka bi ta Bukuru da Mararabar Jama'a da Barikin Ladi da Mangu da Panyam, na sauka a garin bakin titin, wanda ba zan faɗi sunansa ba, shi da sauran ƙauyukan, don kada wani ya ga kamar na tona masa asiri. Na leƙa makarantar garin ta taga, na ga bango ya yi baƙi, bencina sun kakkarye. Na hau acaɓa zuwa ƙauyen Gwaggo, na ga tasu makarantar tsohon ginin dutse ce, kwanon ya yi tsatsa, wani gefe ma iska ta ɗage shi an danne da duwatsu. Ban ko tsaya ba. Da na isa gidan kakanmu kuwa, sai Baba Babba, watau wan babana, ya sa yaro ya raka ni in ga tasu. Muka gangara, muka tsallake wani busasshen rafi mai yashi, muka hau tudu, tafiyar da ba ta kai minti 20 ba. Ko da na ɗaga kai sai ga sabon gini mai aji uku, an shafe shi da fenti rawaya, kwano shuɗi yana ƙyalli, tagogin ƙarfe, ga wani ƙaton allo a gaba an rubuta sunan wanda ya kawo aikin da haruffa manya-manya. Na leƙa ciki na ga kujeru sababbi, wasu ko ledarsu ba a cire ba.

Na ce a raina shi ke nan, aiki ya ƙare. Ga gida babu haya, ga gona a bayan ɗaki, ga makarantar da ta fi wadda yaran suke zuwa a Jos kyaun gani. Na komo da murna na ba da rahoto, har da hotuna a wayata. Baba ya yi ta gyaɗa kai, don dā ma can ransa yake so.

Mama ba ta ce kome ba sai da na gama. Tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Ɗana, malamai nawa ka gani?"

Na ce, "Ai hutu ake yi, Mama."

Ta ce, "To, yara nawa ka gani?"

Na yi shiru. Ta ce, "Rafin nan da ka ce ka tsallake, ka tambayi yadda yake a watan Yuli?"

Ashe ita ma a wannan gefen rafin aka haife ta, a wata unguwa kusa da ta su Baba. Makarantar nan tun zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 aka buɗe ta, a cikinta Mama ta yi karatu har aji huɗu. Wata damina ruwa ya tafi da wata yarinya 'yar ajinsu a mashigin nan, aka tsamo ta da ƙyar, daga ran nan kakanmu na wajen uwa ya ce 'ya'yansa mata ba su ƙara ƙetarewa in akwai hadari. Damina ɗaya ta zauna a gida, ta biyu ta zauna, da aka yi ta uku sai ta ga 'yan ajinta sun yi mata nisa, kunya ta hana ta komawa. Shekarata 23 a duniya ban taɓa jin wannan labari ba. Na san dai Mama tana karatu da ƙyar, tana bin layi da yatsa, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Ta dubi ƙanwata da ke wanke-wanke a tsakar gida, ta ce, "Ni ban hana a koma ƙauye ba. Amma wannan ba za ta tsaya inda na tsaya ba. Ka koma ka dubo da kyau, ran da ake karatu, kuma bayan an yi ruwa."

Haka na nemi izini a kwaleji cikin watan Yuni, na sake ɗaukar hanya. Wannan karon na tafi da ɗan littafi da biro, na kuma ƙudurta ba zan gaya wa kowa ranar zuwana ba.

Na fara da gidan kakanmu. Daren da na sauka aka kwana ana ruwa. Da ƙarfe bakwai da rabi na bi yara muka gangara, sai na iske rafin da na sani na yashi ya zama wani abu dabam, jajawur yana gudu yana tafe da itatuwa. Yara kamar 15 suna zaune a kan duwatsu suna jiran ya sauka, ba mai damuwa, don sun saba. Ba mu ƙetare ba sai wajen ƙarfe tara da rabi, ruwa ya kawo mini gwiwa, manyan yara suna saɓa ƙanana a wuya. Na dubi tsawon Auta a zuciyata, na gwada shi da ruwan, sai gabana ya faɗi.

Da muka hau tudu, ga gini yana nan da kyaunsa. Malami ɗaya tak na tarar, wani bawan Allah mai haƙuri, ya tara aji ɗaya zuwa uku a ɗaki guda, huɗu zuwa shida a wani, yana kai da kawowa tsakaninsu. Ɗaki na uku a kulle, an zuba buhunan takin wani a ciki. Na gaishe shi, na gaya masa ni ɗalibin malanta ne, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya ce su huɗu ne a takarda. To, ranar ta dace da ranar kasuwar yankin, sai na ce kada in zalunci mutane, bari in ga littafin da malamai ke sa hannu. Na bi shi shafi-shafi tun farkon zango, ban sami rana ɗaya da duka huɗun suka sa hannu ba. Sauran ukun a gari suke zaune, da babur suke zuwa, tun da mai ya yi tsada kuwa sai suka raba ranaku a tsakaninsu.

A nan ina so 'yan'uwana su yi mini adalci, su kuma yi wa malaman nan adalci. Da na ga littafin raina ya ɓaci. Amma da na zauna na yi lissafin kuɗin man zuwa da komowa sau 20 a wata, na ajiye shi kusa da albashin ƙaramin malami, sai bakina ya mutu. Babu gidan malami a ƙauyen, babu ɗakin shan magani, matansu suna 'yar sana'a a gari. Ban ce sun yi daidai ba. Na ce dai wanda ya kashe kuɗi ya yi fenti da kwano shuɗi, da ya rage kaɗan ya gina ɗaki biyu na malamai da 'yar gada, da ya fi taimakon yaran nan, sai dai ba a kafa wa ɗakin malami allo a bakin hanya.

Sa'an nan na roƙi rajista. Ita ce ta gaya mini abin da ba wanda ya gaya mini. Aji ɗaya suna 58. Aji uku 31. Aji shida 11, mata 2 kawai a cikinsu. Na tambayi ina ƙaramar sakandare mafi kusa, ya ce sai garin bakin titi, mil 6. Na karɓi littafin lissafin wani yaro ɗan aji huɗu, na ga aikin ƙarshe da aka duba da jan biro kwanan watansa na Maris ne. Na yi godiya na fito.

Kashegari na tafi garin bakin titi. Nan kam malamai suna nan, har 12 na ƙirga, don kowa yana neman a kawo shi inda mota take bi. Amma yara sun fi ƙarfin ɗakuna. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare, ni kuwa na ƙirga 84 a aji biyu, rabinsu a ƙasa, malama biyu a ciki, ɗaya tana koyarwa ɗaya tana riƙe da bulala. Makarantar ba shinge, manyan motoci suna wucewa a guje ƙofarta. Da aka tashi tara, sai na ga 'yan mata sa'o'in ƙanwata sun ɗauko farantan gyaɗa da ayaba da suka ɓoye a bayan aji, suka ruga bakin titi, waɗansunsu ba su komo ba. Akwai kuma wata makarantar kuɗi mai dogon suna na Turanci a cikin wani gida da ba a gama ginawa ba. Da na ji kuɗinta na zango, na haɗa da na hayar ɗaki biyu, na ga abin da muka gudo wa a Jos shi za mu tarar. Ga gona kuma mil 6. Ban daɗe a nan ba.

Ran na uku na tafi ƙauyen Gwaggo ba da wani ɗoki ba, don dai in cika umurni. Ƙauyen yana tsakani ne, mil 3 daga titi, mil 3 daga gidan kakanmu, a gefen rafin da ba sai an ƙetare ba. Ina kwance a ɗakin Gwaggo da ƙarfe bakwai da rabi daidai na ji an buga ƙararrawa, watau wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro. Na fito na tarar yara sun yi layi, an duba farce da haƙora, an yi fareti an shiga aji kafin takwas.

Makarantar ta zamanin mishan ce, da hannu iyayen ƙauyen suka fasa duwatsu suka gina ta, kuma ko da yake ta daɗe da komawa hannun gwamnati, har yau ba wanda ke ce mata ta gwamnati, "makarantarmu" suke cewa. Kwanon yana yoyo, na ga bokiti biyu a tsakiyar aji biyar. Aji huɗu a gindin mangwaro suke, in hadari ya taso su ruga su matsu da 'yan aji uku. Malamai 5 ne da hedimasta, uku daga cikinsu 'yan ƙauyen ne, sauran biyun an ba su ɗakuna a gidan mai unguwa. Na nemi littafin sa hannu, na tafi kai tsaye ga ranakun kasuwa, na ga sunaye biyar, biyar, huɗu, biyar. Rajista ta nuna 44 a aji ɗaya, 33 a aji shida, mata 15. Na ɗauki littattafan yara uku ba zaɓe, duka an duba su shekaranjiya. Na miƙa wa wata 'yar aji uku littafin karatu, na buɗe mata shafin da ba su kai ba, don kada ta rera mini hadda. Ta yi tuntuɓe a kalma biyu, amma ta tsaya ta harhaɗa baƙaƙen da kanta har ta fita. Duk mai koyon aikinmu ya san abin da wannan ke nufi.

Hedimastan dattijo ne, saura kaɗan ya yi ritaya, a Gindiri ya yi horon malanta tun yana saurayi. Ya bar ni na gama bincikena tsaf kamar wani sufeto, yana kallona yana murmushi. Sa'an nan ya kira ni ofishinsa, wanda bai fi rumbu girma ba. Na tambaye shi batun sakandare, ya kama hannuna muka fita, ya nuna mini wani dogon gini na jar ƙasa can gindin dutse, tafiyar minti 25. Ya ce mutanen ƙauyuka huɗu ne suka yi gayya suka gina shi, kowane gida ya kawo tubali, mata suka ɗebo ruwa, daga baya gwamnati ta amince da ita ƙaramar sakandare ce, ta turo malamai kaɗan, iyaye suna biyan sauran daga aljihunsu.

Na tambaye shi batun harshe, don shi ma yana damuna. Ƙannena Hausa suka tashi da ita da ɗan Turanci, harshen Ngas kuwa gaisuwa kaɗai suka iya da "zo ka ci abinci". Ya ce, "Ɗana, malamar aji ɗaya da harsuna uku take aiki. Ta faɗa da Ngas, ta maimaita da Hausa, ta rubuta da Turanci. Ƙaraminku zai yi kuka wata ɗaya, bayan nan shi zai riƙa yi muku tafinta." Ya kuma gaya mini abin da bai yi daɗi ba, bai ɓoye ba. Ya ce a watan Yuni da Yuli iyaye sukan janye manyan yara zuwa noma, lokacin girbin acca ma haka. Da hunturu kuwa sanyin duwatsun nan yakan sa yara makara. Masai ɗaya ne, na mata ya rushe bara. Kuma akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai kowane zango, da shi ake sayen alli, ko da yake doka ta ce karatu kyauta ne.

Da zan tashi ya ce, "To, Malam ƙarami, ka yi mini tambayoyi 20, bari in yi maka ɗaya. In ka gama kwaleji, ina za ka roƙa a kai ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai inda aka tura ni."

Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Haka duk kuke cewa, kawun naku kuwa yana can yana bin ofis-ofis don a bar ku a Jos." Ban amsa ba, don gaskiya ya faɗa. Ko a makon nan na yi wa wani abokin Baba maganar.

Na komo Jos na ba da rahoto na biyu, wannan karon ba hoto, sai lambobi daga ɗan littafina. Na ce ƙauyen Gwaggo. Mama ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba, amma na ga ta share ido da bakin zane. Baba ya daɗe bai yi magana ba. Shi ne zai biya kuɗin wannan zaɓi da ƙafarsa, mil 3 zuwa gona mil 3 komowa, kuma shi ne zai ƙetare rafin maimakon yara. Ga shi zai zauna a ɗaki biyu na gidan mijin ƙanwarsa, alhali ga gidan ubansa a buɗe. Duk wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan. Baba Babba ya aiko da saƙo mai zafi, ya ce ina aka taɓa ganin ɗa ya komo gida ya sauka gidan suruki, wai yaron da aka sa a boko ya zo yana raba zumunci da biro. Na so in tafi in yi masa bayani da rajista da lissafi, Baba ya hana ni, ya ce ba da lissafi ake magana da wa ba. Shi da kansa ya tafi, ya kwana biyu a can. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, na dai ga ya komo da alkawarin zai gyara ɗakin kakanmu ya riƙa kwana a ciki lokacin shuka da girbi, yara kuma su riƙa zuwa duk hutu.

Muka yi ƙaura cikin Agusta 2024, a bayan wata akori-kura, keken ɗinki a ɗaure a tsakiya an lulluɓe shi da leda. Yara suka shiga makaranta a Satumba.

Kada mai karatu ya zaci daga nan kome ya tafi sumul. Auta ya yi kukan da hedimasta ya faɗa, ya ma ƙara wata guda a kai. Ƙanena na tsakiya, wanda muke taƙama da shi don yana zuba Turanci, da aka gwada shi sai aka ga bai iya raba lamba uku da ɗaya ba, aka ce ya maimaita aji uku. Ya yi fushi ya ƙi cin abinci, ni ma na ji kunya, don shekara uku muna biyan kuɗin makaranta a Jos ba wanda ya buɗe littafin lissafinsa, har da ni mai koyon malanta. A daminar 2025, wadda ita ce ta fari da Baba ya yi noma sosai, birai suka sauko daga dutse suka yi wa masararsa ɓarna a kwanakin da ba ya kwana can, Baba Babba kuwa bai rasa abin faɗa ba. Tsohon keken hawa da ya saya ya fi zama a wurin mai faci bisa kan hanya. Abin da ya ɗan rufa asiri shi ne babu wani tela a ƙauyukan nan huɗu, sai ga kayan makaranta suna ta zuwa masa, yana noma da safe yana taka keke da yamma.

Ƙanwata ta gama aji shida a Yuli 2025, ita ce ta uku a ajinsu. A Satumba ta shiga dogon ginin nan na jar ƙasa. Ran da za ta fara, Mama ta raka ta har ƙofa, abin da ba a yi wa 'yan sakandare, yarinyar tana ta roƙonta ta koma don kada a yi mata dariya.

Da na je hutun da ya wuce na tarar an ɗauke ɗaya daga cikin malamai biyun nan baƙi, an mai da shi gari, ba a kuwa aiko da madadinsa ba. Hedimasta ya haɗa aji huɗu da nasa aikin, ga shi ritayarsa ta ƙarato. Ya nuna mini jadawalin darussa da ke manne a bango, ya sa yatsa a kan gurbin lissafi na aji huɗu, ajin da ƙanena yake ciki, bai ce mini kome ba.

Makon jiya aka raba mana takardar da kowa zai rubuta inda yake so a tura shi gwajin koyarwa. Na rubuta sunan ƙauyen Gwaggo. Malamin da ke karɓar takardun ya duba, ya dube ni, ya ce shi bai san ko akwai mai duba ɗalibai da zai yarda ya hau acaɓa mil 3 don ni kaɗai ba, amma zai kai maganar gaba. Abokin ɗakina kuwa tun ran nan yake yi mini dariya, wai in na tafi sai dai ya riƙa aiko mini da wasiƙa ta hannun direba, don na riga na gaya masa waya ba ta kamawa a can sai an hau dutsen da ke bayan aji shida.